Fis ɗin Motar Ummarun Lambara

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ranar da Ummarun Lambara ya shigo garejinmu na Boɗinga da kwali a hammata tana nan daram a raina. Ƙarshen mulkin farar hula na biyu ne, lokacin tsuke bakin aljihu. Ni Sani, ni ne babban yaro a wurin Malam Bawa mai wayarin mota, wato shi ke karɓar aiki ya duba, ni nake kwanciya ƙarƙashin sitiyari in yi. Ku da kuke aika yaro kanti ya ɗebo muku fis cike da tafi ba za ku gane zamanin ba. Kaya sun daina shigowa. 'Yan fis ɗin da suka rage mana a gwangwanin madara Malam ke ɓoye su, kuma ko ni ba na taɓa gwangwanin sai ya ce.

Ummaru manomin albasa ne. Ya sayar da shanun nomansa ya sayi tsohuwar wagon, yana jigila tsakanin Shagari, Boɗinga da Sakkwato. Motar nan ita ce abincin gidansa, ba shi da wata madogara. A kwalin akwai manyan sifiku biyu na ƙofa, da ƙanana biyu masu fitar da siririn sauti, da 'yan akwatunan da ke raba sauti tsakanin babba da ƙarami, da na'urar ƙara ƙarfi da muke kira busta.

Malam ya tsaya yana kallonsa. "Ummaru, mutane na neman gero, kai kana neman kiɗi?"

"Baba, ba kiɗi nika biɗa ba, hwasinja nika biɗa. Motad da ke da kaset ita ka hwara cika. Ni in wuni tasha rediyona shina tari kamar tsohon akuya."

Gaskiya ya faɗa. Fasinja sun yi ƙaranci, kuma ɗan wanda ya fito da kuɗin mota yana so ya ji waƙa ko karatu a hanya.

Ga yadda muka yi aikin. Rediyon da motar ta zo da shi sifika guda gare shi, ba shi da ƙarfin ɗaukar huɗu. Sai muka ɗauki sautinsa muka kai wa busta, daga busta zuwa akwatunan rabawa, daga nan manya a ƙofa, ƙanana a gaban gilashi. Busta kuwa tana shan wuta sosai, saboda haka muka ja mata waya tata daga batir, ta bi ƙarƙashin kafet har bayan kujerar baya inda muka ɗaure ta. A bakin batir Malam ya sa fis da hannunsa. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi don ya ƙone. In waya ta goge ta taɓa jikin mota, shi zai tsinke wuta ta yanke, maimakon wayar ta yi zafi ta kama. Da muka kunna, sai da masu faci na maƙwabta suka leƙo. Ummaru ya tafi baki har kunne.

Ya yi 'yan watanni motarsa na cika. Sai wata safiya, ranar kasuwar Shagari, ya dawo a gaggauce, kaset ya yi shiru. Na duba, fis ya ƙone. Malam ya buɗe gwangwani ya sa wani. Ummaru ya zagaya gareji, motar ta faɗa ɗan rami, sabon fis ɗin shi ma ya ƙone.

"Waya ta goge wani wuri," in ji Malam. "Kana loda galma da buhunna bisa kahet. Ka bar muna ita yau, mu ɗaga kujeru mu bi ta."

"Yau kasuwa ta, Baba. In ban hita yau ba, mi za a ci gidana?"

"To bari Sani shi zare wayab busta gaba ɗai, ka tahi da rediyonka na da."

"In koma wuni tasha? Ka naɗa mani takardat taba kawai, kamar yadda kowa ka yi."

Nan ran Malam ya ɓaci. Abin da Ummaru ke nufi al'ada ce ta direbobinmu a lokacin. In fis ya ƙone, sai a ciro takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba, a naɗe mataccen fis ɗin a mayar. Wuta za ta wuce kuwa, sai dai ba abin da zai tsinke in ta ɓaci. Malam ya ce ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai yi ba. Ummaru ya ce mota tasa ce, kada a taɓa masa waya. Ya ja abarsa ya fita, ko sallama babu.

A tasha, wani direba abokinsa, Altine, ya naɗa masa. Kaset ya tashi, mota ta cika.

Bayan la'asar labari ya iso mana. Suna dawowa daga Shagari hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kafet. Wayar ta yi ja tun daga gaba har baya. Kuma saboda wahalar mai, Ummaru na ajiye jarkar fetur a bayan mota, kamar kowane direba a lokacin. Fasinja duk sun fice da rai, Allah ya kiyaye. Shi ne ya koma yana yaye kafet da hannu, yana ƙoƙarin jawo jarkar. Da ƙyar wasu manoma suka fizge shi kafin ta kama da wuta. Altine ne ya zo bayansu da tasa motar, ya sauke fasinjansa a titi ya ɗauke shi zuwa asibiti a Sakkwato.

Mun je gano shi ni da Malam. Hannuwansa biyu a naɗe har gwiwar hannu. Na zaci zai zarge mu, amma bai yi ba. Cewa ya yi, "Baba, ta ƙone duka?" Malam ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin hawayen maigidana ba sai ranar. Yatsun Ummaru sun warke a ƙanƙame, ba sa riƙe sitiyari, ba sa riƙe fartanya. Daga baya 'yan tasha suka ba shi kamasho, yana kira wa motocin wasu fasinja.

Abin ya ci mini rai ƙwarai, kuma har yau in na ga takarda a gidan fis sai jikina ya yi sanyi. Na koyi cewa fis da ya ƙone bai lalace ba, aikinsa ya yi, kuma kada ku yarda ku sa wani sai kun gano abin da ya ƙona shi. Game da mutanenmu kuwa, na daina ce musu jahilai. Sun san haɗarin sarai, yunwar yau ce ta fi wutar gobe kusa da su.

Ba a yi wata guda da gobarar ba Altine ya kawo motarsa fitila ba ta kamawa. Na buɗe gidan fis, sai ga takardar taba a jere. Na ɗago na dube shi, shi da ya ɗauki Ummaru da hannunsa. Bai kau da ido ba.

"Na sani, Sani," in ji shi. "Kuna da na saidawa?"

Na juya wurin Malam. Ya kife gwangwanin madara a tafinsa, babu ko ɗaya.