Gidan da Na Kama Ranar Laraba

Shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata sakandare a Illela, ita ce shekarar da Baba ya rasu. Inna ta gama takaba, amma ba ta gama shiru ba. Wannan kuwa mata ce da a da in ta fara magana da hantsi, sai kiran sallar azahar ya ceci mai sauraro. Baba ma'aikacin gwamnati ne a Sakkwato, kuma gidanmu bai taɓa rabuwa da baƙi ba: masu neman aiki, masu jinya a asibiti, da dangin da shi kansa Baba sai ya yi dogon tunani kafin ya gano ta inda aka haɗu. Inna ce ke ciyar da su, tana yi tana mita. Da Baba ya tafi baƙi suka ɗauke ƙafa, mitar ma ta ɗauke. Ka gaishe ta, ta ce "lahiya" ta yi shiru. Ka kawo abinci, ta taɓa ta ture. Abin ya tsorata ni ƙwarai.

Ni ne auta. Na ce zan tafi da ita Illela, ko canjin wuri zai sa ta sake. Yayanmu, ɗan farinta, babban ma'aikaci ne a sakateriya, irin mutumin da ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar sanarwa yake karantawa. Ya amince, amma da sharaɗi. Likita ya ce Inna hutu take bukata, saboda haka dole gidan da zan kama ya zama ba hayaniya. Zai zo da kansa ya duba. In ya tarar da akasin haka, zai mayar da ita gidansa na Sakkwato, inda akwai maigadi da dogon bango da talabijin, kuma babu wanda ke gida kafin magariba. Na san in Inna ta shiga wannan gidan, ɗan "lahiya" ɗin da ya rage ma za mu rasa shi.

Haka na sauka Illela neman gida, ba ni da buri sai shiru. Wani abokin aiki ya haɗa ni da dillali, wani dattijo mai jan gemu da tsohon babur, wanda duk wanda muka wuce sai sun gaisa, har awaki ina jin sun san shi. Na hau bayansa muka shiga gari.

Gida na farko bayan rumfunan 'yan canji yake. Ɗakuna masu kyau, amma tun daga zaure kana jiyo ana ta kiran sefa da naira. Na biyu kusa da tasha ne, maƙwabcin ya jera jarkokin fetur a jikin bangon ɗakin da na so in ba Inna, tun daga ƙasa har taga. Na nuna wa dillali. Ya dube ni da mamaki.

"Malam, kana shan taba?"

Na ce a'a.

"Tsohuwa na sha?"

Na ce Allah ya kiyaye.

"To mi na na abin damuwa?"

Na uku yana can wajen iyaka, kuma ya kwanta mini, sai da na zaro waya na ga ta koma sabis ɗin Nijar. Dillali ya ce wannan ba komai ba ne, akwai tsani a bayan ɗaki, in ka hau matakala ta sama ka fuskanci kudu, Najeriya na kamawa tsaf. Na tuna Yaya kullum sai ya kira, na hango kaina a kan tsani cikin rana ina ba da rahoto, na ce mu je gaba. Muka duba wani kusa da kara, inda ake sayar da dabbobi, ƙudaje suka raka mu har bakin titi. Muka duba wani a hanyar Amarawa, shiru kam akwai, amma mai gidan ya cika ɗaki biyu da albasa, muna magana muna share hawaye kamar masu ta'aziyya.

Sai ranar Laraba ya kai ni wani tsohon gida a ƙarshen wani lungu, nesa da kasuwa, nesa da tasha. Tsakar gida mai faɗi, rijiya, bishiyar dogonyaro mai inuwa, ɗakuna a jere. Ba ka jin komai sai kukan kurciya. Ban yi tunanin cewa Laraba kasuwar Ƙonni ta Nijar ke ci, rabin garin ya ƙetare iyaka ba. Na ga wuraren murhu da yawa a gindin bango, na ga turaku a kafe, na ce a raina masu gidan nan suna da iyali. Dillali ya ce na wata Hajiya ce da ta rasu, 'ya'yanta sun koma Sakkwato. Kuma don Allah kada in yi masa sharri, ya faɗa mini da bakinsa:

"Sai dai ran Asabar akan samu 'yan baƙi."

Na ce wane gida ne ba a baƙi? Na kama.

Muka tare ni da matata da Inna. Na ba Inna ɗakin da ke ƙarƙashin inuwa, na mayar da na kusa da zaure ɗakin karatu, na jera littattafaina ina jin kaina. Na kira Yaya na ɗaga wayar sama don ya ji shirun da kunnensa. Inna kuwa ta shimfiɗa dardumarta, ta zauna, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ranar Asabar bayan la'asar ina gyaran takardun ɗalibai, na ji sallama. Kafin in amsa na ji wata. Kafin in sa takalmi, tsakar gidana ta cika da mata. Wasu babur ɗin kabu-kabu ya sauke su, wasu amalanke, kowace da kaya: tabarmi a naɗe, faifai, cuku, dabino, buhunan zogale busasshe, da awakin da suka wuce kai tsaye zuwa turaku ba tare da an nuna musu hanya ba. Wata ta ɗauki gugana ta nufi rijiya. Wata ta leƙa ɗakin karatuna, ta matsar da littattafan gefe cikin ladabi, ta jingine buhunta.

Shugabarsu wata tsohuwa ce doguwa mai sayar da cuku. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai na sabon mai gida? An ce muna mushe na. Sannu, Mushe."

Haka mutanen Nijar ke kiran malamin makaranta, kuma sunan ya bi ni har yau. Na ce mata ina jin sun yi ɓatan kai, nan gidan haya ne, Hajiya ta rasu.

"Mun sani, ɗana. Mun zo gaisuwa. Hajiya ta rasu, Allah shi jiƙan ta, amma gida bai rasu ba. Nan uwata ka sabka, nan ni ka sabka. Gobe in kasuwa ta watse mu tahi."

A nan na gane abin da kowa a Illela ya sani ban da ni. Masu zuwa kasuwar Lahadi daga ƙauyukan ƙetare tun Asabar suke isowa, kuma kowane ayari yana da gidan da ya gada a matsayin masauki. Ba a tambayar wa ke ciki yanzu. Na fita a fusace na sami dillali yana shan shayi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ai ya faɗa mini. Na ce 'yan baƙi ya ce, ba gari guda ba. Ya ce in gode wa Allah yanzu damina ce, da rani sun fi haka.

Na dawo ina shirya kalmomin da zan kore su da su. Na tarar an hura wuta a duk murhun nan, matata tana tsakiyarsu tana dariya, ta riga ta ci amanata. Ƙofar Inna a rufe. Wata yarinya daga cikin baƙin ta ɗora miyar kuka, tana shirin zuba kukar tun ruwan bai tafasa ba. Sai na ji ƙofa ta yi ƙara.

"Ke! Wa ya koya miki miya? Aje kukag ga. Ina daddawa? Haka kuka ci can garinku, ba ku mutu ba?"

Inna ce. Tsaye, hannu a ƙugu. Ta karɓe maburgi daga hannun yarinyar, ta sa aka rage wuta, ta aiki matata ta ɗauko mata yajinta da ta zo da shi daga Sakkwato, wanda tun zuwanmu ba a kwance ƙullinsa ba. Tsohuwa mai cuku ta ce a garinsu haka ake yi, Inna ta ce shi ya sa duk suka bushe. Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na koma zaure na zauna a kan buhun wata, na yi kuka na more, don tun rasuwar Baba ban ji jimla mai tsawon wannan daga bakinta ba.

Daga ranar makonmu ya sami tsari. Lahadi da yamma su watse, su bar mana cuku da dabino da kashin awaki. Litinin da Talata Inna ta yi ta mita a kan ɓarnar da suka yi mata. Daga Alhamis ta fara sa ni sayen itace da gero. Ta fara cin abinci, wai don ta ji ko gishiri ya ji.

Saura Yaya. Kullum ya kira ina ce masa lafiya lau, gida shiru, wanda gaskiya ne in ba Asabar ba. Sai ya ce zai zo dubawa. Ma'aikaci kuwa yaushe yake da lokaci? Asabar. Na ce ko zai zo Laraba, hanya ta fi kyau. Ya ce yana da taro. Na roƙi tsohuwa mai cuku ko za su nemi wani wuri na mako guda. Ta ce, "Mu tahi ina, Mushe? Kowane gida da mutanenai." Na gaya wa Inna, ta ce in matsa mata daga haske tana tsintar shinkafa.

Ya iso ana tsakiyar sauke kaya. Motarsa ma ba ta sami shiga lungun ba saboda amalanke. Ya tako da farar shadda, wata akuya ta shinshina gefen rigar, wata mata ta miƙa masa ƙullin tabarmi ta ce ya ɗan riƙe mata. Ya riƙe, don bai san yadda ake ƙi ba. Ya dube ni da irin kallon da yake yi wa masinja.

"Wanga shi na gidan da kac ce ba hayaniya?"

Na fara bayani a kan Laraba. Ya ɗaga hannu. Ya ce in shiga in gaya wa Inna ta haɗa kayanta, yau za su koma. Na kuwa san Yaya ba ya magana biyu.

Inna tana gindin murhu, ta ji komai. Da yake shi ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Tun muna yara ta bakina take aika masa da saƙo, ko da yana tsaye a gabanta. Ba ta ko ɗago ba.

"Auta, gaya ma wancan, in tahi in bar ma wa tukunya? Kuma ka tambaye shi, haka ubanai ya koya mishi, shi zo gida cike da baƙi hannu rabbana? Shi aje tabarmin mutane shi tai shi sawo ƙanƙara, ruwan randa ya yi zahi."

Na juya zan maimaita, kamar yadda aka saba. Yaya ya ce ya ji. Ya ajiye tabarmin a hankali, ya fita. Na bi shi ina tsammanin mota zai shiga ya tafi cikin fushi. Sai na ga ya tsaya a bakin lungu ya ciro hankici yana goge tabarau, ya daɗe yana gogewa. Daga cikin gida muna jiyo Inna tana yi wa wata faɗa a kan guga, mata suna dariya, ita ma tana yi.

"Rabon da ta aiko mini da hwaɗa," in ji shi, "tun Baba na da rai."

Muka sayo ƙanƙarar tare. Ya ci tuwo a zaure, ya nemi ƙari, miya ta ɗiga a farar shaddar bai kula ba. Bai sake ta da maganar haɗa kaya ba. Da zai tafi na raka shi mota, ya tayar, sannan ya sauke gilashi.

"Kowace Asabar suka zuwa?"

Na ce kowace Asabar.

Ya ce, "To ka aje mini tabarma guda."