Littafin Faston da Aka Bari a Ɗakin Kakata

Kakana baduku ne a unguwar Nima, mai yi wa littattafan malamai bango da gafaka. Wata shekara, tun ba a haife ni ba, wani tsohon fasto daga unguwar Kokomlemle ya kawo masa littafi mai kauri wanda bangonsa ya zube, ya ce a yi masa sabo da jar fata. Aka gama aiki, mai kaya bai dawo ba. Kakana ya jira har ya rasu, littafin ya faɗa hannun kakata.

Amana take ce masa. Yana saman kwabarta, naɗe cikin tsohon zane, kuma ba ta yarda a ɗora masa ko cokali. Babban tsoronta a duniya shi ne ta mutu da kayan wani a wuyanta.

Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta tasa ni gaba. «Maigida,» haka take kirana don tsokana, «bokon naka na banza ne? Je ka nemo mini mutanen nan.» Na hau trotro, motar haya, na bi Kokomlemle lungu-lungu. An rushe gidan faston, shagon taya ne a wurin. Wata tsohuwa mai sayar da tuwon kenke ta ce ya daɗe da mutuwa, bai bar ɗa ba. Na shiga coci biyu, kowanne ya juya littafin ya miƙo mini, wai ba irin nasu ba ne. Wallahi raina ya ɓaci, har na yi tunanin jefa shi a babban gwatan Nima, magudanar ƙazantar unguwa, in huta. Na kasa.

Na dawo da la'asar, gida shiru, mata duk suna kasuwa. Na gaya wa Kaka yadda aka yi. Sai ta ce in karanta mata, ta ji abin da ta yi shekaru tana gadi.

Turancin tsoho ne ƙwarai, takardar tana warin rumbu. Dokokin ushirin coci ne na ƙasar Turawa: yadda manomi zai fitar da ɗaya cikin goma na alkama da 'yan tumaki da zuma. Ina fassarawa tana gyaɗa kai. «Ashe zakka ce,» in ji ta. Na juya gaba, na faɗa kan babin aikin limamin coci, inda aka ce wajibi ne ya je wurin majinyacin da ya kusa tafiya, ko an kira shi ko ba a kira ba.

«Shi ya sa,» ta ce.

«Shi ya sa me, Kaka?»

«Shi ya sa ya zo. Tashi ka ba shi kayansa.»

Idonta na kan ƙofa. Na waiga. Labule ne kawai, da hasken rana a ƙarƙashinsa, ba inuwar ƙafar kowa. Ba na ɓoyewa, tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba.

«Kaka, babu kowa fa.»

«Kai, kada ka bar dattijo a tsaye!»

Na miƙe da littafin. Ta daka mini tsawa da ragowar muryarta, wai da hagu zan miƙa wa babba abu? Na kama da hannu biyu, na rusuna, na miƙa wa labule. Na tsaya a haka har kafaɗuna suka fara zafi.

«Alhamdu lillahi,» ta ce a bayana. «Ya karɓa. Ya ce ɗinkin ya yi kyau.»

Ta juya ga bango ta yi barci mai daɗi, irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. Ba ta kai Juma'a ba.

Ita kam ta sauke amanarta. Amma littafin bai bar hannuna ba, yana nan a ɗakina, kuma duk ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, sai na sa an ɗage labulen ƙofa.