Yadda Na Sauko da Yaya Hamidu Daga Kan Soro

Yayana Hamidu bai taɓa ɗaukar kaya da hannun dama ba. Ku 'yan unguwarmu ta Karantina kun gan shi da idonku: farin tawul naɗe daga kafaɗa har gwiwar hannu, ko da ranar Jidda tana narkar da kwalta, yana tafe yana rungume da hannun kamar an ba shi rainon jariri. In ka miƙa masa hannu, yatsu biyu zai ba ka, ya ce a hankali ya shekh, hannun aiki ne. Abu ɗaya ya yarda hannun ya yi, shi ne kai loma baki, don a cewarsa wannan sunna ce.

Ni Delu, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce jakarsa tun ina yarinya. Tukunyar gas ni, buhun shinkafa ni. Da matarsa Zulai ta rasu ya dawo gidan Baba da nake ciki, sai na ɗora daga inda ta ajiye. Kaya mafi nauyi da na taɓa saukewa kuwa shi ne shi kansa, ranar da aka zo rushe unguwa ya hau soro ya ce ba mai sauko da shi. Tun da ya rasu kowa ke ba da labarin ranar nan, har waɗanda suna Makka aka yi. Ni ban yi boko ba, amma ina wurin, kuma ban manta komai ba. Sai dai in ban fara daga hannun ba, ba za ku gane taurin kan ba.

Yana saurayi gadi yake yi a wani sito na hatsi a tashar jiragen ruwa. Aikinsa korar hankaki da ɓera, shi kuma ba ya kora, jifa yake yi. Wani Ba'amurke mai kula da kayan kamfaninsu ya ga ya kaɓo hankaka daga kan ƙarfen ɗaga kaya da dutse ɗaya, ya kira shi ya ce ya sake. Ya sake. Washegari aka tafi da shi unguwarsu mai katanga, aka rubuta shi a matsayin mai ba furanni ruwa, amma har ya bar wurin bai taɓa riƙe tiyo ba. Jifa ake ba shi albashi ya yi. Suna da wani wasa da suke ce wa besbol, mu matan unguwa muka sa masa ƙwallon taɓarya.

Sau ɗaya ya kai ni kallo. Wani ƙato ya tsuguna da kejin ƙarfe a fuska, wani ya tsaya a gabansa da taɓarya a kafaɗa, ga yayana can tsakiyar fili kan tudun ƙasa. Ya tofa yawu, ya waiga dama da hagu kamar ɓarawon kaza, ya ɗaga ƙafa har ƙirji, sai kawai na ji tas a hannun mai keji. Mai taɓarya ya kai wa iska duka ya kusa faɗuwa. Haka ya yi ta kunyata su, Amurkawa da 'yan Koriya da 'yan Filifin, har gabas wajen masu haƙar man fetur ake kai shi. Sun so su tafi da shi ƙasarsu, takarda ta hana, don Baba da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, kuma kun san yadda takardun irinmu suke, yau akwai gobe babu. Shi dai abin da yake faɗa wa mutane shi ne ya bincika an ce masa can ba kuka ba daddawa, shi ya sa ya ƙi.

A lokacin ina sayar da zoɓo a ƙofar gida. Kullum ƙanƙarata tana raguwa, ina ta zargin yaran maƙwabta. Ashe Yaya ne yake kwasa ya ɗaure a kafaɗa bayan wasa. Wannan da sauƙi. Ranar da na kama shi, mayarwa yake yi cikin kula. Na ce Yaya, wadda ta kwana a hammatarka? Ya ce ai ba ta gama narkewa ba, almubazzaranci ba kyau, kuma tun yaushe yake yi ba wanda ya kawo ƙara.

Shekarar da muka yi aikin hajji tare, tsofaffin matan tantinmu duka shi suka wakilta ya yi musu jifan Shaiɗan. Wa za a ba in ba Hamidu ba? A lokacin ginshiƙi ne siriri a tsakiyar kwarmi, ba dogon bangon yanzu ba. Bai shiga turmutsutsu ba. Can baya ya tsaya inda ba kowa, ya gyara haraminsa, ya waiga dama da hagu, ya ɗaga ƙafa. Ba wadda ta kuskure ginshiƙi. Sai dai ƙarfin ya yi yawa, kowace tsakuwa in ta daki dutse sai ta yi tsalle ta dawo cikin mutane, ɗaya har ta sami wani alhajin Turkiyya a tsakar kai. Malam Isa, malamin tantinmu, ya ce tsakuwar da ba ta faɗa cikin kwarmi ba ba ta shiga lissafi ba, nasa da na matan duka sai ya sake, ya matsa kusa, ya jefa a hankali kamar mai sa gishiri a miya. Ya je ya sake. Ya dawo tanti ya zauna, na kawo masa shayi.

"Delu," ya ce, "Amurkawa sun kasa, 'yan Koriya sun kasa. Wannan la'anannen kuwa, duk wadda na jefa sai ya buga mini ita ta dawo."

Daga baya kafaɗar ta ƙi, kamfanin ma ya naɗe kayansa ya tafi. Tawul dai bai sauka ba, wai ko za su dawo. Mutumin da ya saba fili ya zuba masa ido ba ya iya zama. Ya yi ta kai da kawowa a tsakar gida har ya ishe ni, ran nan ya shigo da tsohuwar lasifika da ya karɓa wajen mai tallan kankana, ni kuma na hau da ita soro a kaina. Soronmu yana kallon filin da samarin unguwa ke buga ƙwallon ƙafa bayan la'asar. Nan ya buɗe sabuwar sana'a.

Hausa yake yi, ya juya Larabci a tsakiyar magana, ya yafa Turancin da ya tsinto. Kuma ba ƙwallo kaɗai yake bi ba, ya san gidan kowa. Kuna iya tuna ranar da ya ce, "Ga ɗan Hajiya Kande da ƙwallo, wanda aka aika sayen albasa tun azahar. Hajiya, in kina ji, ga albasarki nan tana gudu ta gefen hagu." Kafin a tashi wasa Hajiya Kande ta iso fili da muciya.

Sunansa ya kai har aka ɗauke shi wani ɗan shirin wasanni na Hausa a rediyo. Ya ɗinka sabuwar riga, ni na goge. Matsalar ita ce sai ya gaishe da layinmu gida gida kafin ya fara, lokaci ya ƙare bai faɗi wa ya ci wa ba. In kuma ƙungiyar da yake so aka lallasa, sai ya ce har yanzu labari bai iso ba. Suka yi haƙuri da shi iya haƙurinsu, suka ce halas, suka sallame shi. Ya dawo soronsa yana cewa ɗakin nasu ba iska. Da wayoyi suka zo, sai ya ɗaure waya jikin makirfo da roba, ana jin sa har Kano da Maraɗi da Sudan, duk inda ɗan Karantina ya faɗa.

To, sai aka zo aka yi jan rubutu a bangayenmu, izala, wato rushewa. Aka ɗauke wuta, aka ɗauke ruwa. Mutane suka yi ta ɗaure kaya, wasu Khumra can bayan gari, wasu Makka, wasu gida Najeriya da Nijar. Na sami ɗaki biyu a Khumra bayan wani sito, na kira mai dabbab, 'yar ƙaramar motar kaya, muka loda komai da sassafe. Na juya in ce Yaya yalla mu tafi, babu shi. Ya hau soro da lasifika da batirin mota, ya sa sakata ta ciki. Yadda ya hau da batirin nan da hannun hagu, Allah kaɗai ya sani.

Na yi kira, na yi zagi, na haɗa shi da darajar Inna. Amsar da na samu ta lasifika ta fito, unguwa duka tana ji, wai masu kallo su zauna a kujerunsu. Katafila ta shigo, shi kuma ya fara.

"Ta shigo ta layin mahauta, ta yanke hagu, ba mai tare ta. Ga ta gaban gidan Tela Musa. Bango ya yi gardama, ta ja baya, ta sake zuwa. Ya faɗi. Tela Musa, in kana ji, gidanka ya yi ƙoƙari."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin mai gida, da wanda aka haifa a ciki, da wanda aka fitar da gawarsa. Direban katafilar Bahaushen Sudan ne, yaro mai ladabi, ya sauko ya ɗaga kai ya ce Baba don Allah ka sauko. Yaya ya sanar wa duniya cewa direba ya nemi a canza ɗan wasa, alƙali ya ƙi. Mai kula da aikin bai yi dariya ba. Ya kira ni gefe ya ce zai jira zuwa la'asar, daga nan 'yan sanda zai kira. Iƙamar Yaya, takardarsa ta zama a ƙasar, ta mutu tun da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rasu. In suka sauko da shi, takarda za su fara tambaya, daga nan sai a ɗora tsoho mai ciwon sukari a jirgi zuwa ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Na sa mai dabbab ya samo tsani a kangon maƙwabta ya riƙe mini. Na ɗaure zani, na hau, da gwiwoyin nan nawa da ko sujada sai a kan kujera. Na same shi leɓɓansa sun bushe fari fat, ƙura ta rufe shi, wayar tana ta ƙara, mutane suna tambaya ko an kai ga nasu. Na faɗa masa zancen 'yan sanda, ya ce su zo. Na ce allurarsa tana cikin mota tana dahuwa, ya ce ta dahu. Ya toshe makirfo da tafin hannu ya ce mutane sun tafi ba su ga ƙarshen gidajensu ba, in ya sauka wa zai faɗa musu?

Na duba gabas na duba yamma. Duk layin ya kwanta, saura namu.

"To namu fa, Yaya?" na ce. "Kana kansa ba za su taɓa shi ba. Sai sun tafi da kai su rushe shi ba mai gani. Gidan kowa ya sami mai faɗa, gidan Baba ya faɗi shiru kamar ba shi da mutane?"

Sai ya buɗe makirfo ya ce an tafi hutun rabin lokaci, ya zare sakata.

Muka ɗora lasifika kan dabbab a tsallaken hanya. Ya sha ruwa, ya gyara murya, ya ɗaga wa direba hannu kamar shi ne mai aikin. Katafila ta matso. Ya ce, "Jama'a, ga gidan Malam Garba Bakatsine, wanda ya zo da ƙafa," daga nan ban sake jin komai ba sai shuuu na lasifika. Bakinsa yana motsi, magana ta ƙi fita. Bangon zaure ya tafi, soron ya bi shi, a waya ana ta cewa ba ma ji, Hamidu ba ma ji. Na karɓe makirfo daga hannunsa, ni da ban taɓa magana a ciki ba. Na jira ƙura ta lafa na ga abin da ya rage, na ga shi ma ya tafi.

Na ce, "Ya faɗi. Ɗakin Inna ne ya faɗi a ƙarshe."

Muka hau dabbab, shi a gaba ni a baya kan katifu, muka fita unguwa. Sai ya leƙo ta taga ya ce na kai makirfo kusa da baki da yawa, amma a matsayin farko ba laifi.

Bai kai wani azumin ba. A Khumra ya cika, a kan gadonsa, ina riƙe da kansa, aka binne shi a garin da aka haife shi. Allah Ya jiƙan Yaya Hamidu, Ya yafe masa tsokanarsa da ƙanƙarar zoɓona. Ya ba shi gida kusa da Baba da Inna, wanda ba mai zuwa ya yi masa jan rubutu. Mu da muka warwatse, Allah Ya tara mu a can layi ɗaya. Amin.