Ranar da Aka Zo Kama Yayana Kurma

A shekarun da ruwa ya riƙa ɗaukewa da wuri, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, na dawo gidanmu goyon ciki. Ƙauyenmu yana gabas da Minjibir, gonaki manne da juna, ba abin da ya raba ta wannan da ta wancan sai siririn layin gamba. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini. Yunwa da tsohon ciki suka haɗu suka sa ni cikin wani yanayi, idona biyu amma komai daga nesa nake ganinsa, kamar ina leƙen duniya ta cikin ruwa.

Yayana kurma ne. Sanƙarau ya tafi da jinsa tun muna ƙanana, kuma duk gidan ni ce na fi gane maganar hannunsa. Idan ya shafi haɓa, Baba yake nufi. Idan ya kaɗa yatsu daga sama zuwa ƙasa, yana tambaya ko an ga hadari.

Ran nan bayan azahar ina kishingiɗe a gindin tsamiyar bakin gonarmu, shi kuma yana yankar wa akuyarmu busasshiyar ciyawa da lauje, ya ba hanya baya. Zafi na tashi daga ƙasa yana rawa. Can na hango keke ɗauke da mutum biyu, kamar tayoyinsa ba sa taɓa yashi. Na daɗe ina kallonsu suna tahowa ba su iso ba, har na ɗauka gyangyaɗi nake. Sai da suka jingine keken na ga kaki da huluna: 'yan sanda ne, ɗaya dattijo mai furfura a gashin baki, ɗaya saurayi dogo.

Saurayin ya daka tsawa. "Kai mai shuɗiyar riga! Tsaya nan!"

Yayana ya ci gaba da yankansa. Aka sake kira, bai waiwayo ba. Na buɗe baki zan yi magana, muryata ta ƙi fita, kamar yadda take yi wa mutum cikin barci. Ina gani saurayin ya tsallaka kunyoyin gona da gudu ya cafko wuyan rigarsa ta baya. Yayana ya zabura ya juyo, laujen na sama don tsorata. Nan take aka murɗe hannunsa, aka yi masa ƙafa, ya faɗi rub da ciki, saurayin ya sa gwiwa ya danne bayansa. Kukan da ya yi ba irin na masu ji ba ne, mai kauri ne, daga can cikin ƙirji. Shi ya tashe ni.

Ban san yadda na isa wurin ba da wannan ciki. "Ranka ya daɗe, kurma ne! Wallahi ba ya ji!"

Dattijon ya dube ni, ya dubi na ƙasa, ya ce, "Ɗaga shi."

"Saje, lauje fa ya ɗaga mini."

"Na gani. Da ya yo kanka da shi, ko ya zuba da gudu, da ni zan taya ka riƙe shi. Amma ka zaga gabansa ya ga kakinka? Ka gaya masa abin da ya kawo mu? To ga laujen can a ƙasa, ga shi shi ma a ƙasa. Me kuma kake dannewa?"

Saurayin ya janye gwiwarsa a hankali, yana haki. Sai a lokacin na lura wuyansa siriri ne kamar namu, ɗamararsa ma an ƙara mata huda. Dattijon ya tsuguna daidai fuskar Yaya, ya buɗe masa tafukan hannunsa biyu don ya ga ba komai, sannan ya ce da ni, "Baiwar Allah, gaya masa ƙararsa aka kawo. Wani falke ya ce jakinsa ya ɓace da buhun dawa a hanyar kasuwa, ya ga mai shuɗiyar riga a wurin, ya yi ta kira bai amsa ba. Dole mu je da shi gaban mai gari, amma ba wanda zai ƙara taɓa shi."

Na juya maganar da hannu: dogayen kunnuwa, kaya a baya, yatsa zuwa ƙirjinsa. Ya girgiza kai, hawaye na wanke ƙurar kumatunsa.

Ba su sa masa ankwa ba. Muka jera a kan turba, Yaya rungume da hannunsa mai ciwo, saurayin na tura keke a baya kansa a sunkuye. Na tuna shirun wannan tafiyar, ba tsuntsu, ba iska, sai ƙarar sarƙar keke da ƙamshin busasshen kara.

A zauren mai gari ba a daɗe ba. Mutane suka shaida kowa ya san Yaya ba ya ji, falken ya yi ta sosa ƙeya. Aka ba Baba shi ya koma da shi gida. Washegari aka tsinci jakin a wani kwari, igiyarsa ta sarƙe a ƙaya, buhun na nan a bayansa.

Hannun Yaya targaɗe ne, mai ɗori ya gyara, amma ya jima bai iya riƙe fartanya ba. Ni kuwa cikin makon na haihu. Ranar suna ya shigo ɗaki ya zauna a bakin tabarma, na ɗora masa jaririyar a kan lafiyayyen hannun. Ta tsala kuka, sai ya kwantar da kumatunsa a ƙirjinta, ya lumshe ido, ya daɗe a haka yana murmushi.