Gajere da tantanin ƙwan zabuwa

Duk garin Olelewa babu mai surutun Gajere wanzami. Kafin ya aske maka rabin kai ka ji labarin kakanninsa kaf. Amma a kawo masa yaro mai ciwon kunne, sai bakin nan ya rufe ruf, har mutane su leƙo su ga ko lafiya.

Tun yana saurayi ya koyi aikin wajen kawunsa. Idan dodon kunnen yaro ya huje, sai ya fasa ɗanyen ƙwan zabuwa, ya ɓare tantanin da ke manne da ɓawo, ya yanko ɗan mitsitsi, ya liƙa a kan hujin. Shi ya sa Rabi matarsa take ɓoye ƙwan zabinta cikin tukunyar daddawa. Nan ma yana ganowa.

Wata damina, ƴan shekaru bayan yunwar Kakalaba, wani makiyayi daga wajen Tenhya mai suna Attahir ya zo da ƴarsa Raishatu. Tsinke ya soke mata kunnen dama, na hagu kuwa dama tun tana goye ba ya ji sosai. Ita ke jan bijimin da ke jawo guga, ga shi yanzu ana ihu daga bakin rijiya ta tsaya, ba ta ji.

Gajere ya toshe mata hanci ya nuna mata ta hura. Iska ta fito ta kunne, fiii.

Attahir ya kwance buhun fata, ya fito da ƙwan jimina. "An ce ƙwai kake so, Wanzam. Ga babba."

"Kai baƙona! Kunnen ƴarka za a liƙe ko gangar maroƙa? Tantanin wannan ai sai a yi maka takalmi da shi!"

"To ba ni abina."

"Wa ya ce a mayar? Rabi, ɗauki wannan, ki ba ni na zabuwa ɗaya. Yau dai kin ci riba."

Ya jira rana ta take tsaka, ya kwantar da kan yarinyar a cinyarsa, haske ya faɗa cikin kunnen. Da gashin tsuntsu ya tura tantanin, a hankali, ko numfashi ba ya yi. Sau biyu yana naɗewa, ya zaro ya yanko sabo. A na uku ya zauna.

Ya hana ta wanka da fyace hanci, ya riƙe su a zaurensa har wata ya juya. Attahir ya sha tuwon Rabi da labarin kakannin Gajere har ya fara kwana a wajen gari don kunnensa ya huta.

Ranar tafiya Gajere ya zagaya bayan Raishatu, ya toshe mata kunnen hagu da yatsa, ya yi raɗa can ƙasa-ƙasa.

Yarinyar ta zaro ido. "Abba, wai rawaninka ya fi kanka hankali!"

Attahir ya buɗe baki zai rama, sai hawaye suka riga shi. Ya ja rawanin ya rufe idanunsa.