Geron Jabo a Bakin Jikata

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da jikata 'yar aji uku da direban mahaifinta. Za mu Kebbe gaida yayata, wadda idanunta suka rufe tun bara. Al'adar gidanmu ce, duk baƙon da ya iso, ƙarami a ayarin ne zai ba dattijai labarin hanya. Abin da ya dame ni ke nan, domin yarinyar a birni ta tashi, kuma komai a bakinta "abin nan" ne. Yayata kuwa da magana kaɗai take sanin mutum yanzu, ga shi jiki ya yi rauni. Na ji tsoron kada su rabu ba su san juna ba.

Damina ta yi albarka. Daga Jabo gonakin gero ne hagu da dama, babura na ratsa su ɗauke da mutum uku-uku. Wannan hanya na bi a shekarun da arzikin man fetur ya buɗe, ina sabon malami bisa sabon babur, makarantu na tsirowa a kowane ƙauye. A lokacin, kowace safiya sai yaro ya kawo mini kalma ɗaya daga bakin kakarsa kafin ya zauna. Na so in cusa wa jikata sunayen abubuwa a mota, amma tana gama kallon gonakin, barci ya riga ni.

A Tambuwal muka tsaya shan fura da nono. Furar ba ta canza ba. Farashinta ne ya yi ƙiba, kwanon ya rame. Bayan nan hanya ta koma gargada, direba na ta salati.

Da hantsi muka isa. Yayata ta shafa fuskar yarinyar, ta ce, "'Yar birni, mi kig gani bisa hanya? Yaya gero?"

Yarinya ta waiwayo ta dube ni. Na buɗe baki zan agaza, yayata ta ce, "Malam, ba kai nit tambaya ba."

Can sai yarinyar ta ce, "Ban san sunan abin ba. Amma kansa ya yi fari-fari, kamar gemun Kaka bayan ya sha fura."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. "Bununi na, ɗiyata! To geron Jabo ya tsira. Tunkuɗo nan kusa da ni, sai mi?"

Har azahar suna tare, ɗaya na kwatantawa, ɗaya na raɗa suna. Ni da gemuna aka manta da mu a zaure.

Mun iso gida kafin magariba. Na daɗe ina koya wa yara kalmomi, amma a wannan tafiya na tabbatar yaro yakan fara da "kamar", sunan ya biyo baya, muddin akwai wanda yake matuƙar son jin abin da ya gani. Muna shiga ta ce da mahaifinta, "Baba, ka san bununi?" Ya dube ni. Na ce ya tambayi 'yarsa.