Rijiyar da Aka Rufe a Kangonmu

Shekarar da albashi ya ƙaru, kowa ya shiga sayen rediyo da babur, maigidana sai ya sayo mana kango. Malamin gona ne a Ƙanƙara, ya ce ya gaji da haya. Tsohon gida ne a gefen 'Yargoje, katanga duk ta zube, soro biyu kawai ke tsaye. Muka tare a ɗaya, magina suna gyaran ɗayan. Lokacin 'yarmu ta fara tafiya, ba ta zama wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido.

Ba mu daɗe ba wata tsohuwa ta shigo yi mana barka da zuwa. A gidan aka kawo ta amarya, in ji ta. Ta sha ruwa, ta yi ta kallon tsakar gida, sai ta ce, "Kun dai gano rijiyar ko?"

Na ce, "Wace rijiya, Inna?"

"Ta gidan nan mana. Da ta ƙahe aka jera mata azara, aka bi da ƙasa. Zurhi gare ta, ɗiyata."

Ta nuna wajen rumbu, ta koma ta nuna wajen madafa, sannan ta ce wallahi ta manta, ɗakunan da take kwatance da su duk sun rushe.

Na riga na ga yadda gara ta cinye azarar soron da ake gyara, da yatsa ake huda ta. Da na faɗa wa maigida, dariya ya yi. "Haba, in da akwai ta, da tuni jakunan magina sun hwaɗa." Ya hau babur ɗinsa ya tafi aiki. Ai dole ya yi dariya, shi da ba ya yini a gidan.

Ni kuwa na ɗauki taɓarya. Kullum da safe nakan bi tsakar gida ina buga ƙasa, ina kasa kunne ko zan ji rami ya amsa. Magina suka samu abin tsokana, wai uwargida ta rasa hatsi ta koma dakan ƙasa. Ban kula su ba. Tsoro nake ji, har tafiya a gidana sai da sanɗa.

Wuri ɗaya na yarda da shi: wani tsohon daɓe a gindin durumi, sumul, mai tauri kamar siminti. Na buga shi na sake bugawa, bai ce komai ba. Nan nake shimfiɗa wa yarinyar tabarma, in ɗaura mata tsohon zane a ƙugu, in ƙulla ɗaya bakin a jikin durumin kamar akuya. Ta yi ta kuka tana miƙo hannu, ni ma ina share hawaye, amma nan take yini.

Ranar da aka yi ruwan farko, bayan azahar hadari ya taso da iska. Ban tsaya kwance ƙullin ba, na zare ta daga ciki na ruga soro. Ana tsaka da ruwa na ji wani irin ƙara, kamar an yar da buhun dawa, sai ƙasa ta ɗan girgiza.

Da ruwa ya tsagaita na leƙo da yarinyar a bayana. Babu daɓe. Babu tabarma, babu ƙoƙon da take wasa da shi. Baƙin rami ne a gindin durumi, guntayen azara sun turo ta gefe, zanen yana reto a ciki. Na durƙusa a bakin ƙofa ina salati.

Haka maigida ya same ni da la'asar. Ya lallaɓa ta bayan durumin ya jawo zanen a hankali, har bakinsa ya fito, ga ƙullin nan yadda na bar shi, ɗan zagaye daidai ƙugunta. Ya sa hannunsa a ciki, ya zauna a taɓo da kayan aikinsa, ya ce in miƙo masa ita.